Yadda Kalmar "Evening" Ta Raba Mana Taro Gida Biyu

 

Yau ba sanarwar biki ko ta'aziyya muka kawo ba. Haƙuri muka zo bayarwa, sannan mu raba muku ɗan abin da muka koya a dalilin kuskuren da muka yi. Waɗanda suka zo taron gaggawa na Asabar ɗin farko ta watan Nuwamba sun san labarin, amma da yawa sun ji shi ne a bakin wani, kuma kowa da yadda aka ba shi. Gara ku ji daga bakinmu, tunda mu ne muka riƙe alƙalamin.

Ɗaya daga cikin 'yan uwanmu, magidanci manomi, ya kwanta a asibiti. Likitoci suka ce sai an yi masa aiki, kuma sai an ajiye kuɗi kafin a shiga da shi. Kun san ƙa'idar ƙungiyarmu: ba a cire kuɗi mai nauyi daga asusun taimako sai mutum ashirin da biyar sun zauna sun amince, sannan shugaba da ma'aji da sakatare su sa hannu. Shugaba ya ce a kira taro. Muna cikin sauri, muka rubuta saƙon da Turanci muka tura ta WhatsApp, don an sha ce mana matasa sun fi saurin karanta shi haka. Muka sa rana, muka sa wuri, da muka zo kan lokaci sai muka rubuta kalma ɗaya tak: evening. A ranmu bayan la'asar muke nufi, kamar yadda aka saba.

Ana idar da sallar la'asar dattawa suka fara isowa. Aka shimfiɗa tabarmi, aka yi addu'a, aka ƙirga, mutum goma sha bakwai. Aka ce a ɗan jira. Aka jira har ladan ya kira magariba, sannan aka tashi, kowa ransa a ɓace. Masu zuwa Shabu suka nemi abin hawa, ma'aji ya kama hanyar Doma inda iyalinsa suke. Mun dawo daga masallaci don mu kulle ɗaki sai ga matasa suna shigowa, 'yan kasuwa da suka rufe shago, masu Keke Napep, ma'aikata da ɗalibai. Kafin ƙarfe bakwai sun kai goma sha tara. Mutum talatin da shida suka amsa kira a rana ɗaya, amma ba a samu ashirin da biyar a zama ɗaya ba. Taro bai yiwu ba sai ranar Laraba. Kafin nan iyalin mara lafiya sun sayar da doyarsu a gona, a farashin da dillali ya ga dama. Alhamdulillahi an yi aikin, yana samun sauƙi, kuma ƙungiya ta biya abin da ta yi alkawari. Amma asarar doyar nan ta riga ta auku, kuma da hannunmu a ciki. Mun je har gida mun ba su haƙuri, muna kuma maimaitawa a nan gaban kowa.

Abin da ya biyo baya ya fi taron kansa ɗaga mana hankali. Dattawa suka ce yaran yanzu ba su ɗauki zumunci da muhimmanci ba. Matasa suka ce su fa sun zo a kan lokaci, evening ai bayan ƙarfe shida ne, kowa ya duba ƙamus. Magana ta fara zafi. Sai wani dattijo a cikinmu, tsohon malamin Turanci da ya yi ritaya, ya ce: "'Ya'yana, ku yi haƙuri, da ku da mu babu wanda ya yi ƙarya. Kalmar ce ba ta zauna daidai da yammarmu ba." Matambayi ba ya ɓata, sai muka ce Malam ya ƙara mana haske. Muka yi kwanaki muna zuwa ƙofar gidansa bayan la'asar, ya fito da tsofaffin ƙamusoshinsa, muna bin kalmomin ɗaya bayan ɗaya. Ga abin da muka tsinta.

Ita kanta evening tsohuwar kalma ce, tana cikin Turanci tun kafin Normawa su ci Ingila a 1066. Asalinta aefen, kuma 'yar uwar Abend ce ta Jamusanci. A wurin Bature tana farawa ne wajen ƙarfe shida, lokacin da aka tashi daga aiki, ta miƙe har lokacin kwanciya. Ke nan ta haɗiye magaribarmu da isha'inmu da hirar dare gaba ɗaya. Mu kuwa yammarmu tana farawa da la'asar ta ƙare da faɗuwar rana. Da an yi magariba, Bahaushe ya fara cewa dare ya yi. Inda yammarmu ta tsaya, kusan nan tasu ta tashi. Abin da ya ƙara rikita lamarin shi ne Turancin Najeriya ya bi Hausa da sauran harsunanmu: ƙarfe huɗu na yi za ka ji ana good evening a kasuwa da ofis. Dattawanmu sun karanta kalmar da Turancin gida, matasa sun karanta ta da Turancin ƙamus, kowa kuma ya zo a lokacin da ya fahimta.

Malam ya ƙara da wani tarko da yake yawan kama ɗalibai. Mu muna shiga gida da dare mu ce barka da dare, gaisuwa ce. Amma good night sallama ce, daidai take da "sai da safe". Ko ƙarfe goma na dare ka shiga wurin Bature, good evening za ka ce. In ka buɗe ƙofa ka ce good night, kamar ka shigo ne kana ban kwana.

Daga wannan tushe kuma aka samu eve, wato daren ko ranar da ke gaban babbar rana. Maƙwabtanmu Kirista suna da Christmas Eve ranar 24 ga Disamba, akwai kuma New Year's Eve ranar 31. Mu ma muna da tamu: jajibere, kamar jajiberin Sallah. Abin da ya sa kalmar maraice ta koma tana nufin jajibere shi ne a tsohon lissafin addini sabuwar rana tana kamawa ne da faɗuwar rana. Haka yake a wurinmu har gobe. Shi ya sa ake fara tarawihi a daren da aka ga wata, tun ba a kai azumin farko ba. Shi ya sa kuma daren Juma'a a bakin malamanmu yake nufin Alhamis da dare. Wanda ya fassara shi da Friday night ya jefa mutane gaba da kwana guda cur. Da muka ji wannan sai da gabanmu ya faɗi, don mun sha rubuta sanarwar karatun daren Juma'a da Turanci. Allah ne kaɗai ya rufa asiri, mutane sun riga sun san ranar.

Turawan da ma da dare suke ƙirga kwanaki, kamar yadda muke cewa kwana uku, kwana bakwai. Alamar tana nan a fortnight, mako biyu, wadda aka dunƙule daga fourteen nights, dare goma sha huɗu.

Wurin da muka fi jin daɗi shi ne batun yamma da yamma. A Hausa kalma ɗaya ce take nufin lokaci take kuma nufin jiha: mun haɗu da yamma, Keffi tana yamma da Akwanga. Ashe ba mu kaɗai ba ne. Masana harshe sun bi west ta Turanci har zuwa tushe ɗaya da vesper ta Latin da hesperos ta Girkanci, waɗanda duka maraice suke nufi. Daga nan aka samu vespers, addu'ar maraice a coci. Girkawa kuma da sunan Hesperos suke kiran tauraruwar nan mai haske da take fitowa bayan faɗuwar rana, wadda mu muke kira Zara matar wata. Larabci ma haka: magaribarmu daga maghrib take, wurin faɗuwar rana da lokacinta, kuma da wannan suna Larabawa suke kiran ƙasar Maroko, don ita ce can ƙarshen yammacinsu. Jamusawa suna ce wa ƙasashen Yamma Abendland, ƙasar maraice. Bahaushe da Balarabe da Bature, kowa ya tsaya a ƙofar gidansa ya ga inda rana take faɗuwa, ya ba wurin da lokacin suna ɗaya.

Sai kalmomin da ke tsakanin rana da dare. Sunset ita ce faɗuwar rana kai tsaye. Dusk asalinta kalma ce mai nufin duhu-duhu, kuma ita ce ta fi kusa da almurunmu, lokacin da kaji ke shiga akurki, iyaye mata ke kiran yara su shigo gida. Twilight kuwa haɗi ne na twi, mai alaƙa da biyu, da light, haske: hasken da ya rabu biyu, bai zama rana ba bai zama dare ba. Masana taurari sun kasa shi uku gwargwadon yadda rana ta nutse ƙasa da sararin da ido ke gani: digiri 6, digiri 12 da digiri 18. A na farko mutum yana iya aiki a waje ba fitila, a ƙarshen na uku duhu ya kammala. Malamanmu na fiƙihu sun daɗe da sanin wannan da sunan shafaƙi, jan nan da ke saura a yamma bayan rana ta faɗi, wanda ɓacewarsa ke shigo da lokacin isha'i a mazhabar Malikiyya. Manhajojin lokutan salla da ke wayoyinmu da irin wannan lissafi suke aiki, yawanci digiri 17 zuwa 18 ga isha'i. Abin da kakanninmu ke dubawa da ido daga ƙofar masallaci, shi waya take ƙirgawa da lamba.

A nan ne Malam ya nuna mana wani abu da ya sa Bature bai jingina evening ɗinsa da faɗuwar rana ba. Lafia tana kusa da tsakiyar duniya, wajen digiri takwas da rabi arewa. Duk shekara rana tana faɗuwa a nan tsakanin shida da 'yan mintoci, kamar yanzu a Nuwamba, zuwa bakwai saura minti goma a tsakiyar damina. Bambancin bai kai awa ɗaya ba, kuma da ta faɗi, minti ashirin da ɗoriya duhu ya fara rufewa. A Landan kuwa rana tana faɗuwa kafin ƙarfe huɗu a Disamba, a Yuni kuma sai bayan ƙarfe tara na dare. 'Yan uwanmu da ke karatu ko aiki a Ingila sun san wahalar azumin da ya faɗo a bazararsu. Mutumin da ranarsa ke yawo haka dole ya riƙe agogo. Mu da ranarmu ba ta saɓa alkawari, sai muka riƙe ta, muka riƙe kiran salla. Kowane lissafi daidai yake a ƙasarsa. Matsala tana zuwa ne in an ɗauko kalmar can aka ɗora ta a kan lokacin nan ba tare da an faɗi ƙarfe nawa ba.

Ko a can ma kalmomin ba su zauna wuri ɗaya ba. Noon, da yanzu take nufin sha biyun rana, daga Latin take, nona hora, awa ta tara daga fitowar rana, wato wajen ƙarfe uku, dab da la'asar ɗinmu. Lokacin wata addu'a ce a gidajen ibadar Kirista. A hankali ta yi ta matsowa gaba, zuwa ƙarni na 14 ta zauna a tsakar rana. Haruffan p.m. da muke gani a katin gayyata su ma Latin ne, post meridiem, bayan tsakar rana.

Akwai biyu da suka riga suka shigo rayuwarmu, ya kamata mu san inda suka fito. Ta farko dinner, wadda muka mayar dina, har ta samu gurbi a katin biki tsakanin kamu da walima. Ta shiga Turanci daga tsohon Faransanci, disner, kuma asalinta na Latin yana nufin karya azumi. Da can abincin farko na yini ne, ɗan uwan karin kumallo da buɗa-baki. Sai ta koma sunan babban abincin yini, da masu hali suka yi ta jinkirta shi daga rana zuwa dare, ta bi su. Da Malam ya faɗi haka sai wani ya ce ai ta dawo asalinta, don dinar da aka rubuta ƙarfe takwas ba a raba abinci sai sha ɗaya, kowa ya zo kamar mai azumi. Aka yi dariya. Abokiyarta supper, ita ce tuwon darensu, dangin soup ce, daga gurasar da ake tsomawa a romo.

Ta biyu curfew, dokar hana fita. Ba wanda ya manta da watan Mayu na 2020, lokacin annobar korona, da gwamnatin tarayya ta hana zirga-zirga daga ƙarfe takwas na dare zuwa shida na safe a duk faɗin ƙasa. Wannan kalma mai tsoratarwa asalinta magana ce ta murhu. Daga tsohon Faransanci take, ma'anarta "rufe wuta". A garuruwan Turai na da, inda gidaje na katako ne da jinka, akan kaɗa ƙararrawa da dare don kowa ya rufe wutarsa, gudun gobara. Duk wanda ya tashi a gidan da ake girki da itace ya san wannan aiki. Iyayenmu mata suna gama tuwon dare su tura garwashi wuri ɗaya su binne da toka, musamman da hunturu in iska na kaɗawa, da asuba a tone a hura. Wadda wutarta ta mutu sai ta aiki yaro maƙwabta da kasko ya ɗebo. Ashe abin da tsohuwa ke yi a madafi ba tare da an kaɗa mata ƙararrawa ba, shi ne ya zama sunan dokar da sojoji ke tsare hanya a kanta.

Bayan mun gama da na Turawa sai Malam ya rufe ƙamus ya ce to, ku lissafa mini naku. Nan fa ido ya raina fata. Dattawan da ke wurin suka jero su ba gargada: asuba, sassafe, hantsi, walaha, tsakar rana, azahar, la'asar, la'asar sakaliya, maraice, almuru, magariba, isha'i ko lisha, tsakar dare, talatainin dare. Muka kira yara huɗu 'yan sakandare da ke wucewa muka tambaye su la'asar sakaliya. Babu wanda ya sani. Almuru, ɗaya ya ce ya taɓa ji a bakin kakarsa. Walaha, suka yi ta kallon juna. Amma dukansu sun san evening, kuma ita kaɗai suke da ita ga duk abin da ke tsakanin ƙarfe huɗu da ƙarfe goma.

Wannan ya fi komai tsaya mana a rai. Lafia gari ne na haɗuwa tun kafuwarta, Lafiyar Barebari. Ga Alago, ga Eggon, ga Gwandara, ga Migili, ga Fulani da Tibi da Hausawa, kuma tun da ta zama babban birnin jihar Nasarawa a 1996, sannan jami'ar tarayya ta zo, baƙi sai ƙaruwa suke. Hausa ce harshen kasuwa da tasha, Turanci na ofis da makaranta. Ba mu da wata rigima da Turanci, 'ya'yanmu suna buƙatarsa don jarrabawa da aiki, kuma mun ga yadda sanin asalin kalmominsa yake da daɗi. Abin da muke tsoro shi ne yaro ya tashi bai riƙe Hausar da kyau ba, Turancin ma rabi-rabi. Da mun rubuta "bayan la'asar" a saƙon nan, ko maƙwabcinmu Kirista ɗan Eggon da ke sayar da siminti ya san lokacin da ake nufi, don yana jin kiran salla kullum. Muna da kalmar da ta fi dacewa a hannunmu, muka ajiye ta muka ɗauko wadda ba mu gama sani ba. Rashin sani ya fi dare duhu.

Saboda haka a zaman ranar Laraba an amince da abubuwa uku, kuma an shigar da su littafin ƙungiya.

Na farko, duk sanarwar taro za ta fita da Hausa. In akwai buƙatar Turanci, zai biyo baya a ƙasa.

Na biyu, za a riƙa rubuta lokaci iri biyu a tare, na agogo da na salla, misali ƙarfe 4:30 na yamma, bayan sallar la'asar. In taron dare ne, za a faɗi sunan ranar da kwanan wata a fili, kamar Alhamis da dare bayan isha'i, don kada daren Juma'a ya sake rikita wani.

Na uku, in maganar rashin lafiya ce ko wani abin gaggawa, ba za a dogara da saƙo kaɗai ba. Wakilan unguwanni, daga Bukan Sidi zuwa Tudun Gwandara da Sabon Pegi da Shabu, za su kira mutanensu a waya ɗaya bayan ɗaya. An kuma kafa kwamitin mutum biyar da zai duba ko za a ba shugabanni ikon fitar da wani kaso na kuɗi nan take in rai na cikin haɗari, su kawo bayani daga baya. Za su gabatar da rahotonsu a taron wata mai zuwa, kuma muna roƙon kowa ya zo da shawararsa.

Roƙonmu ga iyaye kuma ƙarami ne. Yau in rana ta yi sanyi, inuwa ta miƙe, ku ce wa yaranku ga la'asar sakaliya nan. In kaji sun fara shiga akurki ku ce musu almuru ta yi. Ba sai an buɗe aji ba, a bakin uwa da uba ake koyon irin waɗannan. Waɗanda kuma suka san wasu sunayen lokuta da ba mu ambata ba, na Hausar Sakkwato ko Katsina ko Damagaram, ko na harsunan maƙwabtanmu, ku rubuto mana a ƙasa, za mu tattara mu kai wa Malam.

Muna godiya ga Malam bisa lokacinsa da shayinsa. Muna sake ba dattawanmu haƙurin zaman da suka yi, da matasanmu bisa zargin da aka yi musu ba da laifinsu ba. Allah ya ba ɗan uwanmu lafiya mai ɗorewa, ya mayar masa da abin da ya rasa, ya ƙara haɗa kanmu.

Taro na gaba: Asabar ɗin farko ta watan Disamba, ƙarfe 4:30 na yamma, bayan sallar la'asar, a inda aka saba.

Wassalamu alaikum.

Sakatare, a madadin shugabannin ƙungiya